Tsofaffin rimot na ƙaramin jirgi da na samu a kayan kondem: in farke su ko in bar su yadda suke?

Mai Rediyo na Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san tsofaffin rimot na ƙananan jiragen sama, irin na kafin zuwan 2.4, wato zangon gigahaz 2.4 da rimot na zamani ke aiki a kai. Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, shagona yana Nima, a Ankara babban birnin Gana, kuma tun ina yaron shago nake ajiye duk tsohon abin lantarki da na ga an yi shi da kyau. Yaran da ke tura amalanken kondem sun san halina, in suka ga wani abu mai eriya ko mai mita a fuska sukan biyo ta wurina kafin su sa masa guduma. Tun da aka tashi Agbogbloshie, babbar kasuwar kondem ta Ankara, a watan Yulin 2021 kayan suka watsu, ba ka da wuri ɗaya da za ka je ka duba, sai dai abin da Allah ya kawo maka har ƙofa.

Wani daga cikinsu ne ya kawo mini kwali guda, ya ce daga kayan gida da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema ya fito. Ga abin da ke ciki.

Na farko, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina, akwatin alminiyom ne mai launin zinariya, an rubuta Kraft a fuskarsa, da Series Seventy-Two. Sanda biyu gare shi, da ƙaramar mita a tsakiya, da doguwar eriya mai zugewa. A bayansa an manna takarda mai lamba 72.240, kuma akwai ƙyalle biyu, ja da fari, ɗaure a kan eriyar. Risibarsa, wato mai karɓar sigina a cikin jirgi, tana nan, da sarbo huɗu, ƙananan motocin da ke motsa jela da sauran sassan jirgi. Da na buɗe bayansa na daɗe ina kallo. Kowace waya an ɗaure ta da 'yar'uwarta, dalmar tana ƙyalli har yanzu, sandunan kuwa in ka sake su sai su koma tsakiya ba ko gyangyaɗi. Na buɗe rediyo iri-iri a rayuwata, amma ba kullum nake ganin aiki mai tsabta haka ba. Batirin da ke ciki ya yi farin gari, baƙar wayarsa kuma ta yi wani iri.

Na biyu Futaba Challenger ne, na roba, da ɗan tuta ruwan lemo. A jikin kiristal ɗinsa, ɗan abin da ke tsayar da zangon da yake watsawa, an rubuta 72. Na uku ma Futaba ne, ƙarami, Attack, mai hanya biyu kawai, wato abu biyu yake juyawa, 27 megahaz. Na huɗu shi ne ya ɗaure mini kai: ɗan akwatin ƙarfe, MacGregor, ba sanda ko ɗaya, sai maɓallin kunnawa da wani maɓalli guda na dannawa. Tare da shi akwai wani ɗan abu mai nannaɗaɗɗiyar waya da ƙugiya da ƙarfe mai juyawa, an rubuta Elmic. Ba mota a jikinsa, to da me yake juyawa?

Tambayata ta gaske kuwa ita ce wannan. Ɗan yayata yana tashin jirgi na kumfa da rimot na zamani, shi ya ce mini mutane a Turai suna kwashe kayan cikin irin waɗannan su sa modul na 2.4, wato ƙaramin mai watsa sigina na zamani, sai ka riƙe tsohon akwati a hannu amma sigina sabuwa ce. Zuciyata ta rabu biyu. Ina so in ga Kraft ɗin nan yana juya jirgi a sama, don ba don ajiya a kabad aka yi shi ba. Amma kuma hannuna ya ƙi ɗaukar almakashi a kan wayoyin nan. Wanda ya san abin, ya taimake ni: wanne zan taɓa, wanne zan bari? Kuma 72 ɗin da ke jikin Challenger ɗaya ne da 72 na Kraft, har in iya gwada risibar wannan da wancan? Ban kunna ko ɗaya ba tukuna. Akwai wayar caja a kwalin mai filogi irin na Amurka, ita ma ban sa ta a wuta ba.

Dattijon Aboabo ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka kunna. Wayar cajar nan kada ka kusantar da ita soket. Wutar Amurka 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Ban da haka, wasu tsofaffin rimot na Amurka cajarsu a cikin akwatin take, kuma akwai waɗanda ba taransifoma a tsakani, wutar gida ce ake rage mata ƙarfi kawai. Akwatin ƙarfe ne, kai kuma da hannu za ka riƙe shi. Naɗe ta ka ajiye don tarihi.

Ni a Obuasi na fara ganin wannan abu, a shekarun 1970, ina yaron lantarki. Akwai wani Baturen Ingila da nake yi wa aiki, ran Lahadi yakan ɗauke ni mu je fili, ni ne mai riƙe jelar jirgi yana tada inji. A wurinsa na koyi abin da zan gaya maka, sauran kuma daga mujallun da ya bar mini da zai koma gida.

Bari in fara da wanda ya ɗaure maka kai, don shi ne kakan sauran. MacGregor na Ingila ne, mai hanya ɗaya. Abin nan na Elmic da roba yake aiki. Ana ɗaura doguwar roba daga ƙugiyarsa zuwa ƙarshen jelar jirgi, a murɗa ta da yawa kafin a tashi. Robar tana son warwarewa, wani ɗan haƙori ya tare ta. In ka danna maɓalli, risiba ta tura wuta cikin nannaɗaɗɗiyar wayar, ta zama maganaɗisu, ta ja haƙorin, robar ta juya kwata ɗaya, sai jelar jirgi ta karkata. Ka saki, ta koma tsakiya. Irin mai sauƙin bi da bi yake yi: dama, tsakiya, hagu, tsakiya. Dole ka riƙe a kanka wane gefe ka ba shi na ƙarshe, in ka manta jirgi ya juya inda ba ka nufa ba. Akwai wani irin da ya fi shi wayo, danna ɗaya dama, danna biyu hagu. A mai sauƙin nan ba totur, ba ɗaga hanci. Mai kaɗan ake zubawa, inji ya mutu a sama, ka lallaɓo shi ƙasa da jela kaɗai. Kuma in murɗin roba ya ƙare kana sama, shi ke nan, jirgi ya zama na iska. Mutanen da suka tashi jirgi da wannan sun iya gina jirgi, don sai wanda ke daidaita kansa da kansa yake rayuwa.

Abin ya samo asali tun da nisa. Nikola Tesla ya nuna ɗan kwalekwale da ake juyawa da rediyo a birnin New York a 1898. A jirgin sama kuwa, tagwaye biyu 'yan Amurka, Walt da Bill Good, su ne aka fi ambata, da jirginsu Guff na ƙarshen shekarun 1930, wanda yanzu yake gidan tarihin Smithsonian. Bayan mai hanya ɗaya aka yi zamanin harsunan ƙarfe: a cikin risiba akwai jerin siraran ƙarafa, kowane da sautin da ke sa shi rawa, kowane maɓalli a hannunka kuma da sautinsa. Sautin ya zo, harshen ya yi rawa, ya taɓa waya, sarbo ya tafi har ƙarshe. Kowane motsi hanya biyu yake ci, ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa, shi ya sa mai hanya goma abu biyar kawai yake juyawa. In ka taɓa ganin akwati mai maɓallai jere ba sanda, irin su Orbit, to shi ne, kada ka bari ya wuce ka.

Kraft ɗinka na zamanin da ya biyo baya ne, wanda in ka matsa sanda kaɗan sarbo ya matsa kaɗan. Doug Spreng da Don Mathes ne suka fito da tsarin a farkon shekarun 1960: kowane sarbo ana aika masa bugun wuta mai tsawon milisakan 1 zuwa 2, tsakiya wajen 1.5, a maimaita kamar sau 50 a daƙiƙa. Har yau sarbon da ɗan yayarka yake saya da wannan lissafin yake aiki. Phil Kraft kuwa ba mai sayarwa kawai ba ne, matuƙi ne. Shi ya ci gasar duniya ta 1967 a tsibirin Kosika da jirginsa Kwik-Fli, kuma kamfaninsa a garin Vista yake, jihar Kalifoniya. A lokacin, mai Kraft a fili ana kallonsa. Daga baya kayan Japan, Futaba da Sanwa da JR, suka zo da araha suka cinye kasuwa, kamfanonin Amurka da na Ingila irin su Skyleader suka yi ta rufewa.

To ga amsata. Kraft da MacGregor kada ka yanke musu ko waya ɗaya, ban da ta batir. Challenger an yi shi da yawa ƙwarai, ya cika Ingila, in ka lalata ɗaya wani zai zo a kwantena. Shi za ka yi wa tiyata. Amma cikakken Kraft da risibarsa da sarbonsa da ƙyallensa, a ƙasar nan, ban san ranar da za ka sake ganin wani ba. Ranar da ka kwashe cikinsa ya zama gwangwani mai kyau kawai, aikin da ka ce ka daɗe kana kallo ya tafi.

Batun 72, ba ɗaya ba ne. Na Kraft megahaz ne, 72.240, zangon da Amurka ta ware, ja da fari kuma alamar wannan lambar ce don kowa a fili ya san wa ke kan wane zango. Na Challenger lambar hanya ce a zangon 35 na Ingila, inda 60 take nufin 35.000, ana ƙara ɗaya a kowane kilohaz 10. Ka ga 72 ta zama 35.120. Tuta ruwan lemo ita ce alamar 35. Ba za su taɓa jin juna ba.

Ɗan Madina ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru ƙwarai da bayanin robar nan. Amma ku yi mini afuwa, a kan Kraft ina da ja.

Yaya Mai Rediyo, kai da bakinka ka ce ba don kabad aka yi shi ba. In ka bar shi yadda yake, ba za ka iya tashinsa ba ko ka so. Tsofaffin zangon 72 an raba su da tazarar kilohaz 80, Amurka da kanta ta matse su zuwa 20 tun 1991, risiba irin ta da kuwa ƙofarta a buɗe take, duk hayaniyar da ke kusa tana shiga. Ka duba Ankara ta yau, da eriyoyin waya da tashoshin FM da inbata a kowane gida. Kuma izinin da Amurka ta ba 72 ko Ingila ta ba 35 nasu ne can. A nan hukumar NCA ce ke raba zango. Ga kuma GCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Gana, wadda tun 2016 ta ce a yi wa jirage marasa matuƙi rajista, kai kuma Nima kana gindin filin jirgi, ko gwaji ba a yi a unguwarku. Jirgin da ya ƙwace ba naka kaɗai ba ne asara, kan wani zai faɗa.

Tun da Spektrum suka fito da DX6 a 2005 aka huta da kiristal da tuta da jiran layi. Ni na gyara wani tsohon Sanwa, na cire komai na bar sanduna da mita, na sa Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, yana karanta bolum ɗin da ke auna motsin sandunan, ya haɗa siginar ya miƙa wa modul na kamfanin FrSky. Yanzu ina da juya alkiblar sarbo, ina da rage ƙarfin motsi, abin da tsohon bai taɓa yi ba. In na fito da shi a fili mutane sun fi taruwa a kaina fiye da mai sabon rimot. Yara suna taɓawa, suna tambaya. Wanda ke cikin kabad wa yake koya wa wani abu? Sandunan Kraft an san su da daɗin hannu, to a bar hannu ya ji su.

Dattijon Aboabo ya amsa:

Ɗana, maganarka a kan doka da hatsari gaskiya ce, ban ce ya tashi jirgi da 72 ba. Amma ina bod ɗin Sanwa da ka cire yake yanzu? Abin da nake tsoro ke nan. Kowa yakan ce zai ajiye a leda, bayan shekara biyu leda ta bi shara. Kuma yaro yana koyo a tebur ma. Ka ɗora masa Kraft da sarbonsa, ya matsa sanda ya ga hannun sarbo yana binsa, ka buɗe baya ka nuna masa cewa ba kwamfuta a ciki, tiransista ne da kondensa suke ƙirga lokaci. Wannan darasin Arduino ba zai ba shi ba.

Mai Dalma ta Zongo Lane ta amsa:

Sallama gare ku duka. Ni kayan gyara nake sayarwa, kuma ina zama a benci in an kawo abin da ya gagari yara. Baba da ƙanena kowa yana da gaskiyarsa, amma kun tsallake abin da zai kashe kayan nan kafin a gama gardama, wato batir.

Malam, yau ɗin nan ka cire batir daga dukkansu, har da na risiba. Nikad ne, ƙwaya 8 a rimot, bolt 9.6, ƙwaya 4 a jirgi, 4.8. Abin da ka gani a baƙar waya ciwo ne sananne. Daga ƙafar negatif yake farawa, ya bi cikin roba, jan ƙarfen ya koma baƙi, ya wuce ta maɓallin kunnawa har ya kai bod. Kamar gara a cikin azara yake, daga waje lafiya lau. Feɗe robar ka gani. In ba ja mai ƙyalli ba ne, dalma ba za ta kama shi ba, kankarewa kuma ba ta magani, sai ka bi shi har inda ya tsaya ka canja. Mita tana iya nuna maka wuta tana wucewa, amma da sarbo huɗu sun ja tare sai ta yanke. Maɓallin kunnawa ma ka duba shi da kyau, yawanci ya riga ya kamu.

In za ka kunna, zuge eriya duka tukuna. Rimot irin wannan in ya yi aiki ba eriya, tiransistan ƙarshe yana zafi har ya ƙone, kuma samun irinsa aiki ne. Ka ba shi wuta daga na'urar benci mai iyakance ƙarfi, ka fara ƙasa kana hawa a hankali kana kallon abin da yake ja. Kondensa masu ruwa da suka shekara 50 wasu sun bushe. Kada ka canja su duka don kawai sun tsufa, ka auna, wanda ya mutu shi za ka cire, ka sa shi a ƙaramar leda ka manna a cikin murfin. Sabon batir kuwa, NiMH ƙwaya 8 ya isa. Kada ɗan yayarka ya ba ka batirin lipo mai ƙwaya 3, in ya cika bolt 12.6 yake kaiwa.

Sarbo su ne tarko na biyu. Ƙirga wayoyin na Kraft. In huɗu ne, to irin wanda batirinsa ke da waya ta tsakiya ne, bolt 2.4 ta nan bolt 2.4 ta can, ba zai yi aiki da batir mai waya biyu ba. Kuma kada ka ɗauka kowane filogi da ya shiga daidai ne. Futaba baƙi, ja, fari. JR ruwan ƙasa, ja, ruwan lemo. Tsohon Sanwa, wanda a Amurka ake kira Airtronics, wurin fositif da negatif ɗinsa ya saɓa da na sauran, in ka cusa shi a risibar wani sai hayaƙi. Kraft ma filoginsa nasa ne shi kaɗai. Kiristal kuma na rimot daban na risiba daban, ko da lamba ɗaya aka rubuta, don na risiba yawanci an gusar da shi da kilohaz 455. Kada a musanya su.

Yanzu gardamarku. Akwai hanya ta tsakiya, kuma ita nake yi wa masu kawo mini. Rimot kashi biyu ne a ciki: mai haɗa bugun sanduna, da mai watsa shi a iska. Ba sai ka cire ko ɗaya ba. Ka zare wayar da ke ba mai watsawa wuta, ka rufe bakinta, ka bar shi zaune a wurinsa. Ka ɗauko siginar daga inda take fita daga kashi na farko ka kai wa modul, waya uku ke nan, wuta da ƙasa da sigina. Wani lokaci sai ka ƙara tiransista ɗaya don juya siginar ko rage tsayinta, osiloskof zai nuna maka. Akwatin ƙarfe yana toshe 2.4, don haka ƙaramar eriyar dole ta leƙo waje, amma ta ramin tsohuwar eriya za ta fito, ba a huda sabon rami. Ranar da ka so, cikin awa ɗaya ka mayar da shi yadda Kraft ya yi shi. Ta haka tsohon bod ne yake ƙirga lokacin da kansa, sabon abu ɗan aike ne kawai.

Sai dai ni ma da Challenger zan fara. In yana da soket ɗin malami da ɗalibi a baya, siginar tana nan a bakinsa, ko murfi ba sai ka buɗe ba.

Ajiya kuma: iskar teku ta Ankara tana cin eriya da sukurori, damina ta sa fumfuna, hunturu ya cika bolum da ƙura. Soson da aka naɗe risiba da shi ka yar, in ya tsufa narkewa yake ya manne a bod. Roba mai murfi, da 'yan ƙullin silika irin na kwalin takalmi, ka riƙa shanya su a rana. Ka toshe hanyar kyankyaso.

Mai Rediyo na Nima ya amsa:

Baba, Hajiya, ƙanena, Allah ya saka muku da alheri. Na rufe shago da wuri na zauna a kansu.

Hajiya, yadda kika faɗa haka na tarar. Baƙar wayar Kraft ta ci har maɓalli, amma Allah ya sa ba ta kai bod ba. Na canja ta da waya mai kauri ɗaya da launi ɗaya, tsohuwar tana leda a cikin murfi. Sarbonsa waya uku ne. Na zuge eriya, na hau da wuta a hankali, allurar mita ta tashi. Da na kunna risiba sarbo uku suka yi ƙara suka tsaya a tsakiya, na matsa sanda suka bi ni. Na huɗu yana rawa shi kaɗai, ina zargin bolum ɗin cikinsa ne ya yi datti. Minti kaɗan na yi na kashe, saboda maganar ƙanena a kan zango. Yaran shago sun bar abin da suke yi sun zagaye benci, ɗaya yana tambaya ina kwamfutar take.

Ga inda na tsaya. Kraft ba zan sa masa ko waya ukun nan ba a yanzu. Na gane cewa abin da ya sa nake sonsa shi ne cikinsa, kuma ganin sarbon nan suna bin sanda da kayansu na asali ya ishe ni daɗi. Ƙanena, ban ƙi maganarka ba, shi ya sa Challenger zai sha modul ta hanyar Hajiya, mu fita bayan gari da ɗan yayata, wajen Dodowa inda ba gidaje, bayan ya gama da takardun GCAA. In hannuna ya saba, kuma na ga hanyar ba ta barin tabo, sai in sake tunani a kan Kraft. Attack kuwa na mota da kwalekwale ne, zan ba yara su koyi auna sigina da shi.

Wanda ya fi cin raina yanzu MacGregor ne. Na sa wa Elmic bolt 3 na ji haƙorin yana ƙwas, na ɗaura masa robar kuɗi na murɗa, ya juya kwata ya tsaya daidai yadda Baba ya kwatanta. Ina so in gina masa gangar jirgi ta katako ba fiffike, da jela mai motsi, in kafa a shago, duk wanda ya shigo ya danna ya gani. Risibarsa ce babu a kwalin. Na gaya wa yaran kondem duk ƙaramin abu mai waya da suka gani a irin kwalayen nan kada su fasa, zan biya fiye da kuɗin kilo.

Baba, tambaya biyu. Wace irin roba Baturen nan yake sa wa, mai faɗin nawa, kuma tsawonta daga ƙugiya zuwa jela ya kai nawa? Sannan mujallun da ya bar muku suna nan? In akwai zanen risiba mai hanya ɗaya ta 27 a ciki, ni zan iya haɗa ta da tiransistan da nake da su.

Dattijon Aboabo ya amsa:

Suna nan a akwatin ƙarfe, wasu gara ta taɓa gefensu amma zanen yana karantuwa. Akwai na risiba mai tiransista kaɗan, irin mai sauƙin nan da ba ta da kiristal, da ɗan sukurun cikin nannaɗaɗɗiyar waya ake saita ta. Ka sani irinta ba ta zaɓe, duk abin da ke kan 27 tana ji, don haka in Attack yana kunne a shagon jelar za ta yi ta kaɗawa ita kaɗai. A da shi ya sa mutum ɗaya ne yake tashi a lokaci guda, saura su zauna su jira.

Roba shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta kamar kwatan inci ko ƙasa da haka, zobe ɗaya, ta ɗan fi tazarar ƙugiya zuwa jela tsawo don kada ta ja haƙorin da ƙarfi tun ba a murɗa ba. Yakan shafa mata man kasto kaɗan. Kada ka sa mata man inji, yana cinye roba. Jikana zai ɗauki hoton shafukan da waya ya turo maka. In kuma ka shigo Kumasi, ka zo da Elmic ɗin a aljihu, ka sauka Aboabo ka tambayi gidan tsohon mai lantarki na Obuasi, ina so in ga wane iri ne a cikinsu.